Sojojin Kaka Clifford Sun Yi Furfura

Kakana Clifford Bexon, uban uwata, bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ɓera ya gani a kicin maƙwabci yake kira, amma ya fi shekara arba'in yana yaƙi duk ranar Lahadi. A kan tebur yake yin nasa, da sojojin dalma waɗanda tsayinsu bai kai rabin ɗan yatsana ba. A jera su a kan ƙyalle, a auna tafiyarsu da tef, a jefa 'ya'yan lido a ga wanda ya mutu da wanda ya gudu. In dariya za ka yi, yi ta a nan, don in ka yi a gabansa kai da shan shayinsa har abada.

Yana ɗan shekara sha biyar ya bar makaranta ya shiga kamfanin kekuna a nan Nottingham. Aikinsa jan layi: siririn layin nan mai ruwan zinare da ke jikin kekunan zamanin da, shi yake jan sa da buroshi, da hannu, ba abin dogarawa. Da aka daina wannan aikin ya koma raba madara gida-gida, amma hannun bai yarda ya zauna ba. Sai ya kafa ɗan ɗakin katako a bayan gida ya koma yi wa sojoji fenti. Kakata Doreen, kafin ta rasu, kullum cewa take ta auri mutum sukutum amma ƙeya kawai aka kawo mata.

Ni ce Tamzin. Gyaran farce nake yi a wani shago a unguwar Bulwell, makaranta kuwa ni da ita mun rabu ba wanda ya yi kewar wani. Kaka yana kirana mai fentin ƙofa. Ni kuma ina ce masa aikinmu ɗaya, bambancin kawai nawa mutanen suna cewa na gode.

A kulob ɗinsu na masu wannan wasan akwai abubuwan da ba a yi. Sojan da ba a yi wa fenti ba, ba ya hawa tebur, ko na waye. Ba ka taɓa sojan wani sai ka tambaya, in an ba ka kuma ta gindi za ka ɗauka. Soja ba ya sheƙi, sheƙi na kayan wasan yara ne, don haka in an gama fenti sai a fesa masa banish marar ƙyalli don kada hannu ya goge aikin. Kaka kuma ya ƙara tasa dokar: buroshin wani bai taɓa taɓa sojansa ba, ko ɗigo. Ya taɓa daina gaisawa da wani mutum tsawon hunturu guda don ya gano aika sojojinsa yake a yi masa. Sannan akwai wa'azin da ya yi wa duk wanda ya taɓa shiga kulob ɗin, har ni da ba ruwana: kada ka fesa banish ana ruwa, kuma ko rana ta fito ka fara gwadawa a kan guda ɗaya.

Abokin gabarsa Maurice Wragg ne, tsohon ɗan fasa ofis, mai ƙaton ciki da ƙaramar murya. Tun kafin a haifi uwata... a'a, ƙarya nake, tun tana firamare suke kashe wa juna sojoji. Kusan shekara goma da suka wuce Maurice ya gama rundunar Turawan da suka je Sudan, da raƙumansu da igwa da komai. Kaka ya ce shi zai yi mayaƙan Mahadi su kara. Kullum ɓangaren 'yan ƙasa yake ɗauka, wai su a garinsu aka tarar da su.

To matsalar, mayaƙan nan riguna masu faci-faci suke sawa, kuma Kaka ya rantse kowane faci sai ya zana shi, da ɗinkin gefensa. Har ido yake yi musu, fari da ɗigon baƙi, abin da sai ka sa gilashi za ka gani. Sun fi ɗari uku. Shekara ta zo ta wuce, wata ta zo. Raƙuman Maurice suna cikin akwati ba su taɓa taka tebur ba, don ba abokin faɗa. Duk Lahadi sai ya tambayi Kaka ko mutanen nasa a ƙafa suke tahowa daga Sudan ɗin.

Sai bana muka ji idon Maurice yana mutuwa. Ciwon nan da ke cinye tsakiyar gani ya bar gefe-gefe. 'Yarsa Lorraine ta ce ba zai ƙara hunturu shi kaɗai ba, za ta kwashe shi su koma wurinta Aberdeen, can nesa a arewa, aka tsayar da wata Litinin a watan Nuwamba. Ranar da Kaka ya ji, ko sannu bai ce masa ba. Cewa ya yi kawai ranar Lahadin ƙarshe Maurice ya fito da raƙumansa, zai ga mayaƙan da idonsa kafin ya tafi.

Daga nan muka daina ganin Kaka. Hannunsa ya riga ya soma rawa, ba ya so a sani, amma na gani: gwangwanin wake yake dora wuyan hannun a kai kafin ya iya ɗiga ido. Ya rame. Uwata ta yi faɗa har ta gaji. Ni nake kai masa burodi da soyayyen dankali in tsaya a kansa sai ya cinye. Amma ya gama, na rantse ya gama. Na gan su a jere a faranti-faranti a farkon makon nan, shuɗin faci, ja, kore, tutoci da rubutu, masu da garkuwoyi. Ni da ba na son abin sai da na tsaya kallo.

Saura banish kawai. Sai ruwa ya kece. Irin ruwan nan namu marar zuciya, ba ya ƙarfi ba ya tsayawa.

Ranar Juma'a da yamma na biya bayan na tashi daga aiki. Ƙofar ɗakin katakon a buɗe, ruwa yana shiga, shi yana zaune a kan kujerarsa hannu a cinya, gwangwanin feshi a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ban ma tambaya ba, na duba farantan. Fari fat. Kamar an barbaɗa musu gari, ko sun kwana a firji. Fuskoki, rigunan, facin, idanun nan da ya kusa makancewa a kansu, duk sun shige ƙarƙashin wani farin hazo. Gaba ɗayansu.

Na ce, “Tsoho, kai da bakinka fa.”

Ya ce ya sani. Ya ce ya jira ruwan har ya gaji, da rana ya ga kamar an ɗan tsagaita sai ya ce bari ya yi sauri. Na ce ai da ya kai su haka ba banish ɗin, wa zai kama shi? Sai ya kalle ni kamar na faɗi abin da ya fi kowane wauta a duniya.

“Maurice ba daga nesa zai kalle su ba,” in ji shi. “Sai ya ɗauka ya kai bakin hancinsa, ya shafa da yatsa. Da fentin duk a hannunsa zai ƙare.”

Ashe don shi ya yi. Bai gwada a kan ɗaya ba don yana tsoron in ya gwada ya ga fari ba zai iya fesa sauran ba. Ka ji hankalin tsofaffi.

Akwai magani, shi ma ya san shi. Danshi ne ya maƙale a cikin banish ɗin. In ka shafa banish mai ƙyalli a kai da buroshi, farin yana narkewa launi ya dawo. Amma ɗaya bayan ɗaya ne, kowane lungu, ƙarƙashin hammata, bayan garkuwa. In ya bushe kuma sai a sake fesa marar ƙyalli a kashe sheƙin, wannan kuwa sai in sama ta bushe. Ya gwada a kan wani mai mashi a gabana. Farin ya tafi, shuɗin facin ya fito kamar an buɗe taga. Amma kafin ya gama wannan guda ɗayan shayin da na haɗa masa ya huce.

Na ce ya ba ni buroshi. Wannan ai aikina ne, abin da nake yi daga safe zuwa yamma ke nan, shafa mai sheƙi a kan ƙaramin abu ba tare da ya taru a gefe ba. Ya ce in je in yi wa 'yan matan Bulwell faratansu. Na ce ba fenti zan yi ba, ruwa ne kawai marar launi. Ya ce buroshi buroshi ne. Na ce to bari in kira Maurice in gaya masa, ko a yi wasan da wasu sojojin. Nan ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa gani ba, ya ce in na kira Maurice kada in sake tako masa gida. Na ce masa taurin kansa ne ya kashe Kaka Doreen. Bai kamata in faɗa ba, amma na faɗa, na buga masa ƙofa na tafi.

Asabar da safe ina shago hankalina ba ya wurin. Wata mata ta ce ruwan hoda take so na shafa mata ja. Da rana ta yi na ce wa mai shagon cikina ke ciwo, na hau bas.

Ya kwashe farantan ya dawo da su kicin kusa da hita. Faranti ɗaya ya gama, ɗaya tak, ga sauran jere har kan injin wanki. Gidan duk warin banish. Bai aske gemu ba, burodin jiya yana nan a takardarsa. Bai ce min shigo ba, bai ce fita ba. Na zauna a kan kujerar Kaka Doreen na naɗe hannu ina kallonsa, na ce a raina ko kalma ɗaya ba zan ce ba.

Kallon ya fi faɗan wuya. Ya tsoma buroshi, hannun ya ɗauki rawa tun kafin ya isa, ya dafa gwangwanin waken, ya jira, ya sake. Wani lokacin banish ɗin ya taru a fuskar soja ya zama ƙwallo, sai ya tsotse da busasshen buroshi. Har ya lanƙwasa mashin sojoji biyu. Agogon bango yana ta abinsa, ruwa yana ta abinsa. Can ya ɗauko mai babbar tuta, baƙar tutar da ya yi mako yana zana rubutunta. Yana juya shi hannun ya fizge, sojan ya suɓuce ya daki bakin tebur ya faɗa ƙasa. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin murhu. Yana nan, sandar tutar ta lanƙwashe amma ba ta karye ba.

Ban taɓa shi ba. Na ɗago na ce, “In ɗauko?”

Ya ce, “Ta gindi.”

Na ɗauko na ajiye a gabansa. Ya miƙar da sandar a hankali da ɗan hantsaki. Sai ya sa bayan hannu ya turo min faranti guda, ya zaro buroshi daga kofi ya ajiye a gefensa, duk bai kalle ni ba. Ya ce kada in cika, kada in koma inda na riga na shafa, kuma in na lashi bakin buroshin kamar yadda yake yi da na fenti zan mutu. Na ce masa na fi shi sanin wannan.

Na farkon da na yi ya karɓa ya duba da gilashinsa ta ko'ina, har ƙarƙashin riga. Ya ajiye bai ce komai ba. A wurin Kaka wannan lambar yabo ce.

Haka muka yi ta yi har duhu ya soma, na tilasta masa ya ci abinci ya kwanta, da sassafe na dawo muka ci gaba. Ina yin biyar kafin ya yi ɗaya. Ba mu yi hira ba, sai dai lokaci-lokaci ya ce wannan da nake riƙe da shi ya yi shi ne shekarar da aka yi wa Doreen aiki a asibiti, ko wancan facin launin labulen ɗakinsu ne. Duk bayan 'yan mintoci sai ya ɗaga kai ya dubi taga. Ni ma ina dubawa. In ruwan ya tsaya ko na awa biyu ne za a iya kashe sheƙin.

Bai tsaya ba. Lokacin tafiya ya yi, uwata ta iso da mota tana danna ham, ga faranti ɗaya ba mu kai gare shi ba, fari fat, sauran kuma suna ta walƙiya kamar alewar da aka tsotsa aka tofar. Wasu ma ba su gama bushewa ba. Kaka ya tsaya a kansu ya ce ba zai je ba. Wai shekara arba'in bai taɓa ɗora abu mai sheƙi a tebur ba, ba zai fara a gaban Roy Pykett ba. Roy shi ne sakataren kulob, mutumin da zai iya gano maɓallin riga ba daidai ba daga ƙofar ɗaki.

Na ce, “Roy ne zai tafi Aberdeen gobe?”

Ya ɗauki hularsa.

Gidan Maurice duk kwalaye, bango ba hoto ko ɗaya. Tebur kawai aka bari a bakin taga, an shimfiɗa ƙyalle mai launin yashi, an dasa 'yan itatuwan dabino. Turawan sun riga sun yi sahu murabba'i, raƙuma a tsakiya. Mutanen kulob huɗu ko biyar suna tsaye da kofunan shayi. Maurice yana zaune ya karkata kai gefe, don ta nan kawai yake gani yanzu, yana tambaya ko mutanen Sudan sun iso ko suna kan hanya.

Kaka ya buɗe akwatin farko. Hasken taga ya faɗa a kansu. Na ga Roy ya sunkuya, ya ɗago, ya dubi na kusa da shi. Ya tambaya a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ciwo, ko shagon alewa Clifford ya biya a hanya.

Na buɗe baki zan wanke shi, Kaka ya riga ni. Bai kalli Roy ba, Maurice ya kalla. Ya ce ya fesa banish ana ruwa, bai gwada ba, duk sun yi fari. Ya ce waɗanda suka dawo, yawancinsu buroshin jikarsa ne a kansu, ba nasa ba. Faranti ɗaya kuma yana nan da furfurarsa. In Maurice ba ya so su hau teburinsa, zai mayar da su mota.

Wani ya ajiye kofinsa a hankali. Maurice ya ce a jera su tukuna. Muka jera, ni da Kaka, sahu-sahu a ɗaya ƙarshen teburin, fararen a can baya inda Kaka yake so su ɓuya. Maurice yana ta juya kai, hagu, dama. Sai ya miƙa hannu ya nuna daidai inda suke, daga wannan gefe zuwa wancan.

“Ga su can,” ya ce. “Clifford, ina ganin su. Suna da yawa, ɗan banza.”

Ashe tun bara ba ya ganin komai a kan teburin. Nasa sojojin ma, masu launin ƙasa a kan ƙyalle mai launin ƙasa, da lalube da tunani yake tura su, bai gaya wa kowa ba don kada a daina wasa da shi. Waɗannan kuwa kowanne yana kama hasken taga yana jefo masa. Fararen ma ya ce su ya fi gani, a fito da su gaba, me ake ɓoye su. Roy ya soma cewa wani abu game da ƙa'ida, Maurice ya ce masa teburinsa ne har gobe da safe, ya je ya ɗora ruwan shayi.

Sannan Maurice ya nemi izini ya ɗauki ɗaya. Kaka ya miƙa masa mai baƙar tutar. Ya kai shi gefen idonsa har yana taɓa kunci, ya daɗe, ya shafa shi da babban yatsa. Ya ce facin kam ba ya gani, Clifford ya faɗa masa. Kaka ya ja kujera kusa da shi ya soma: shuɗi a ƙirji, ja a kafaɗa, baƙin ɗinki a gefe. Maurice ya tambaya ko ya yi musu ido. Kaka ya ce duka. Maurice ya ce shi ya sa ya ɗauki shekara goma, mahaukaci kawai.

Suna da wani camfi a kulob, wai sojan da aka gama yi wa fenti kwanan nan a karon farko gudu yake. Kuma haka aka yi. Jifan farko, rundunar hagu gaba ɗaya ta juya ta bar teburin tun ba a harba mata komai ba. Kaka ya waiwayo ya ce min waɗannan aikin hannuna ne. Na ce fentin dai nasa ne, ni riga kawai na sa musu. Fararen kuwa suka bi ta cikin wutar igwa suka fasa kusurwar sahun Maurice suka shiga har wurin raƙuma, Maurice yana ta buga tebur yana cewa a gaya masa wa ya mutu. Ba a gama ba Lorraine ta zo ta ce sauran kaya ba za su ɗaure kansu ba. Har yau kowannensu cewa yake shi ke kan gaba.

Da muka dawo gida muna mayar da su faranti, Kaka ya tsaya da mai tutar a hannu ya ɗauko gilashi. Banish ɗin bai gama bushewa ba lokacin da Maurice ya riƙe shi. Zanen babban yatsansa ya fito raɗau a bayan rigar, layi-layi. Na ce ya kawo, shafa ɗaya zan yi ya ɓace. Ya janye hannunsa.

Ruwan ya tsaya a tsakiyar makon, aka yi rana mai kyau, busasshiya, irin wadda yake ta roƙo. Na biya na tarar da gwangwanin feshin yana kan kanta ba a taɓa shi ba, sojojin suna ta walƙiya a bakin taga, raƙuman Maurice a kusa da su, don ya bar masa su. Na tambaye shi yaushe zai kashe sheƙin. Ya ce in kula da faratana, ya kuma tambaya ko na zo da dankalin.